Kwana Biyu a Bakin Dajin Masai Mara

Ƙarfe shida da rabi na safe motar ta tsaya a ƙofar gidan Yaya a Nairobi, wata doguwar Land Cruiser mai ruwan ƙasa, da dogon ƙarfen oba-oba a goshinta. Sati biyu na yi a gidan ina jin labarin wannan tafiya ta zuwa gandun dajin Masai Mara a bakin ɗansa. Yaron shekararsa 9, a can aka haife shi. Hausarsa ta tsakar gida ce, ta gaisuwa da "zo ka ci abinci", amma sunayen namun daji da Suwahili yana zubo su kamar hadda. Ni kuwa nawa ya sha bamban da nasa. Na san zaki da giwa da ɓauna da karkanda a karin magana da tatsuniya, na san kirarinsu tun ina ƙarami, amma ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu yana takawa a dawa ba. Tun ba mu fita daga unguwa ba muka ƙulla ciniki da shi: duk dabbar da muka gani, ya ba ni sunanta na Suwahili, in ba shi na Hausa.

Direbanmu dattijo ne mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana. Yaya yana ce masa Mzee, wato dattijo, muka bi bakinsa. Da ya ji muna ta ambaton "safari" sai ya ce a harshensu ma'anarta tafiya ce kawai, ko kasuwa za ka. Na ce masa mu ma muna da safara, kuma duk daga Larabci aka samo su. Wannan ne ya fara sakin fuskarsa.

Mun bar birnin cikin sanyi da hazo, don Nairobi a kan tudu take, kusan mita 1,800 sama da teku, kuma watan Agusta lokacin sanyinsu ne. Abin da ya fara tsayar mini da numfashi ba dabba ba ce. Bayan kamar awa guda, mun wuce yankin Limuru, sai hanya ta fito bakin wani gangare, ƙasa ta yanke kawai. Can ƙasa ga wani kwari shimfiɗe iya ganin ido, gidaje kamar ƙwayar gero, dutsen Longonot a tsaye a ciki, tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru. Wannan shi ne babban kwarin da ya tsaga gabashin Afirka, wanda ake kira Rift Valley. Hanyar sauka siririya ce, ta manne da jikin dutsen, manyan motocin kaya masu zuwa Uganda suna rarrafe a kanta bi da bi, birki yana ta kuka. Kusa da ƙasa Mzee ya nuna mana wata 'yar majami'a da ba ta wuce girman ɗaki ba. Fursunonin yaƙi 'yan Italiya ne suka gina ta a 1942, lokacin da Turawan Ingila suka sa su aikin wannan hanya. Na daɗe ina kallon gangaren ina tunanin mutanen da suka fasa shi da hannu, nesa da gidajensu.

A Mai Mahiu muka karya hagu. Sau biyu 'yan sanda suka tsayar da mu a shinge, sun shimfiɗa ƙarfe mai ƙusoshi a kan kwalta. Suka duba takardun mota da na direba, suka leƙo suka gan mu, suka ɗaga mana hannu. Daga nan sai fili da ƙura da gonakin alkama har Narok, kimanin kilomita 140 daga Nairobi. Nan ne babban gari na ƙarshe. Muka sha mai, muka yi sallah, muka ci capati da wake da shayi mai madara a wani gidan abinci. Ko sisi Yaya bai fito da shi daga aljihu ba, ta waya ya biya komai da M-Pesa, har kuɗin ayabar da ya saya a hannun wata tsohuwa a bakin titi.

Bayan Narok ƙasa ta canja. Yara da samari 'yan Masai, sun yafa jan mayafi, sanda a saɓe a kafaɗa, hannu biyu rataye a kanta, suna bin shanu. Ka ce Fulaninmu ne aka sauya wa tufafi, har tsayuwar iri ɗaya ce. Amma abin da ya fi yawa a gefen hanyar shi ne shingen waya, turaku a jere har inda ido ya ƙare. A nan Mzee ya yi doguwar maganarsa ta farko. Ya ce da can duk wannan fili a buɗe yake, makiyaya da namun daji kowa na wucewa, sai aka yanka ƙasar aka raba wa mutane, kowa ya kewaye rabonsa. Garken namun dajin da ke tahowa daga filayen Loita duk shekara ya ragu ƙwarai saboda an toshe masa hanya. Bai zargi kowa ba. Ya ce wanda aka ba ƙasa dole ya tsare ciyawar shanunsa. Sai dai ya faɗe ta da muryar mai ba da labarin rasuwa.

Wajen ƙarfe biyu muka isa masauki, wani sansanin tantuna a wajen ƙofar Sekenani, ɗaya daga ƙofofin shiga gandun. Ba mu shiga gandun a ranar ba, kuma dalili kuɗi ne. Tun 2024 baƙon da ba mazaunin Kenya ba yana biyan dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba, kuma tikitin na awa 12 ne, daga shida na safe zuwa shida na yamma. In ka shiga da la'asar, kuɗin yini guda ka biya. Yaya da ɗansa suna da takardar zama, nasu da shilin ne kuma bai kama ƙafar nawa ba. Muka yanke shawarar yini ɗaya cikakke. Duk mai niyyar zuwa ya yi wannan lissafin tun daga gida, don kuɗin shiga kaɗai yana iya fin na mota da masauki.

Tantin babba ne, da gadaje uku da bayi a bayansa, an girke shi a kan daɓen siminti. Janareta na aiki daga magariba zuwa ƙarfe goma. Gargaɗi ɗaya aka yi mana: kada a bar zif a buɗe, birai sun iya bincike. Da dare aka kawo ugali, wato tuwon masararsu mai tauri, da ganyen da suke kira sukuma wiki da naman akuya.

Gandun ba shi da katanga. Wannan ban fahimce shi sosai ba sai da aka kashe janareta. Duhu ya rufe, sanyi ya sauko kamar na tsakiyar hunturu, sai na ji wata murya daga nesa tana hawa sama, "wuuup, wuuup", wata ta amsa mata daga wani gefe. Yaron ya matso jikina.

"Baffa, fisi ce," in ji shi cikin raɗa.

"Kura ke nan," na ce.

Na leƙa waje na ga mai gadi, wani dogon Bamasaye, zaune bakin wuta da mashi a gicce a cinyarsa da tocila a hannu. Na fita na zauna kusa da shi. Turancinsa kaɗan ne, nawa Suwahilin bai wuce gaisuwa ba, amma mun yi hira. Ya nuna mini tabo a damtsensa, ya kwaikwayi saniya, ya kwaikwayi abin da ya zo ɗaukar ta. Can wajen tsakar dare wani gurnani ya taso daga ƙasa-ƙasa, ba a kunne na ji shi ba, a ƙirji na ji shi. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Simba." Sannan ya nuna da hannu cewa yana da nisa. An ce rurin zaki yana kai kilomita 8. Na koma na kwanta, amma barcin rabi da rabi ne.

Shida saura muna bakin ƙofa. Matan Masai sun riga mu, sun kewaye motoci da sarƙoƙin tsakiya masu launi-launi, suna miƙo su ta taga. Aka duba fasfo, aka ba mu tikiti, Mzee ya ɗaga rufin motar sama muka miƙe tsaye a ciki. Ya tuna mana dokoki: ba sauka daga mota, ba ihu, ba ciyar da dabba, ba jefar da ko ledar alawa. Kenya ta hana farauta tun 1977, ta hana jakar leda tun 2017.

Gari ya waye mana a cikin wani fili da ban san yadda zan kwatanta faɗinsa ba. Ciyawa ruwan zinariya, tudu bayan tudu, sama a buɗe, can nesa manyan balan-balan masu ɗaukar mutane suna tashi a hankali. Gandun ya kai murabba'in kilomita 1,500, an kafa shi a 1961, kuma ta kudu ya haɗe da Serengeti ta Tanzaniya ba tare da wani shamaki ba. Kalmar "mara" a harshen Masai tana nufin abu mai ɗigo-ɗigo, saboda itatuwan da suka warwatsu ɗai-ɗai a filin. Da muka matso kusa da ɗaya daga cikin itatuwan nan sai na ce Mzee ya tsaya. Na dubi ƙayar, na dubi ganyen bibbiyu, na dubi 'ya'yan da suka zuba a ƙasa.

"Yaya, wannan ai aduwa ce!"

Ya leƙo ya duba, ya yi dariya ya ce wallahi ita ce. Itacen nan da ake gani a kowane hoton dajin, shi kaɗai a tsaye rana na faɗuwa a bayansa, ashe aduwar da muka sha tsotsa muna yara ce. Raƙuman dawa ne ke cinye rassanta na ƙasa, shi ya sa take tsayawa kamar lema. Ban san dalili ba, amma daga wannan lokacin na daina jin ni baƙo ne a wurin.

Ciniki ya kankama. Twiga, raƙumin dawa. Nyati, ɓauna, saniyar sake, da carki a bayanta yana cire mata kaska. Ngiri, mugun dawa, yana gudu da wutsiya a tsaye. Mbuni, jimina. Da muka zo kan jakin dawa yaron ya ce punda milia, Mzee ya ce ma'anarsa jaki mai zane, muka yi mamakin yadda harsuna biyu da ke nesa da juna suka dubi dabba ɗaya suka ga jaki. Zakuna mun same su su bakwai a inuwar wani kurmi, sun baje kamar an shanya su, babban ko kai bai ɗaga ba. Manyan dawa yana barcinsa. Giwaye kuwa sun ratsa ta gabanmu su goma sha ɗaya, tsohuwar uwa a gaba, wani ɗan jariri a tsakanin ƙafafu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirun. Wannan uban jiki, amma ba ka jin takunsu, sai ƙarar ciyawar da suke tumɓukewa da hanci.

Amma kura ce ta tsaya mini a rai.

Mun same su a bakin wani rami kusa da tsohon suri, rana ta ɗan ɗaga. Wata babbar mace tana kwance a gefenta, 'ya'ya biyu baƙaƙe wuluk suna shan nono, na uku yana cizon kunnenta yana ja. Ba ta ture shi ba. Ta juyo ta lashe shi tun daga wuya har gindin wutsiya, a hankali, ta sake lasa. Wata ta taho daga nesa da gudu-gudu, jikinta duk laka, suka shinshini juna, yaran suka ruga suka tarye ta. Tsakaninmu da su bai fi taku goma sha biyar ba, har numfashinta ina gani.

Ni kurar da na sani daban ce. Ta tatsuniya ce, mai kwaɗayi, matsoraciya, wadda Gizo ke yi wa wayo kullum. Ko kuwa wadda na taɓa gani ina yaro a hannun gardawa, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ana kiɗa ana jan ta, idanunta sun yi ja. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban taɓa kawo wa raina cewa tana da gida da dangi ba, balle in yi tunanin tana lallashin ɗa. Mzee ya ce a wajensu mace ce shugaba, ta fi namiji girma, kuma 'ya'yanta su gaji matsayinta. Tana shayar da ɗa fiye da shekara. Ya ce mafi yawan abin da suke ci su suke farauto shi da kansu, su bi dabba da gudu har ta gaji, kuma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Na dubi uwar nan na ji kunya ta kama ni, irin kunyar wanda ya daɗe yana yaɗa ƙarya a kan maƙwabcinsa ba tare da ya sani ba. Yaron ya tambaye ni, "Baffa, me ya sa Hajiya take cewa kura muguwa ce?" Na ce masa Hajiya ta san kurar da ke shiga garke da dare, kuma ita ma gaskiya ce. Wannan dai ba ta taɓa ganin ta ba.

Oba-oba ta yi ƙara, direbobi suna ta magana da sauri. An ga duma, wato siririyar dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace dabba gudu a doron ƙasa. Da muka isa na ƙirga motoci ashirin da uku sun yi mata zobe, ita da ɗanta ɗaya a kan suri. Dokar wurin ta ce kada a wuce mota biyar a kan dabba ɗaya. Tana ta miƙa wuya tana neman hango barewa ta tsakanin tayoyi, ba hanya. Ita da rana take farauta, daidai lokacin da motoci suka fi yawa. Mzee bai kutsa ba. Ya tsaya daga baya, ya ba mu minti biyu, ya juya. Raina ya ɓaci, kuma ban cire kaina daga laifin ba, don motarmu ce ta ashirin da huɗu.

Da azahar muka kai kogin Mara. Muka ci abincin da aka ƙunso mana a gindin wata aduwa, wani ma'aikacin gandu mai bindiga ya raka mu da ƙafa bakin gaɓa muka ga dorinai sun cika wani gurbi, sai kunnuwa da hanci, da kadoji a kan yashi, wani ya fi tsawon kwalekwale.

Abin da ke kawo mutane a wannan watan shi ne wata dabba da suke kira nyumbu. Kanta kamar na sa, ga gemu kamar bunsuru, wutsiya irin ta doki, gaba ya fi baya tudu, kuma ba ta daina wani gunji ta hanci. Sun fi miliyan ɗaya. Suna haihuwa a kudancin Serengeti wajen watan Fabrairu, su bi ruwan sama da sabuwar ciyawa zuwa arewa, su shigo Mara wajen Yuli, su juya wajen Oktoba. Kogin yana kan hanyarsu, dole su tsallake. Mun tarar da su sun yi baƙi a ɗaya gaɓar, dubbai, ƙura ta tashi a kansu. Na gaba su zo bakin ruwa su leƙa su ja da baya, na baya su turo. Motoci suka tsaya nesa kamar yadda aka saba, sai dabbar farko ta faɗa ruwa sannan a matsa. Mun fi awa muna jira. Har sun fara gangarowa, sai wani direba ya kasa haƙuri ya taka mota zuwa bakin gaɓa, wasu suka bi shi. Garken nan gaba ɗaya ya juya ya watse. Mzee ya bugi sitiyari da tafin hannu, bai ce uffan ba.

Yawancin motocin suka gaji suka tafi. Yaya ya dubi agogo. Mzee ya ce, "Ku ba ni awa ɗaya." Muka zauna cikin zafi, ƙudaje na damunmu, yaron ya yi barci a kafaɗata. Wajen ƙarfe uku da rabi wani jakin dawa ya sauko shi kaɗai, ya sha ruwa, ya tsaya, sai kawai ya shiga. Kafin ya kai tsakiya gaɓar ta ɓalle. Suna dirowa daga tudu kan junansu, ruwa ya koma kumfa, gunji da ƙarar kofato a kan dutse sun cika wurin har ba ka jin na kusa da kai. Na tashi yaron na ɗaga shi. Wani kada ya taso daga ƙasan ruwa ba gaggawa, kai kawai ake gani, ya kama wata ta ƙafar baya. Ta yi ta fama, kanta na fitowa yana nutsewa, har ya daina fitowa. Sauran ba su ko waiwaya ba.

Wadda na kasa mantawa ita ce wata uwa da ta riga ta haye. Ta hau tudu, ta tsaya, ta juyo tana kuka tana duba masu fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da ba ta ga abin da take nema ba sai ta sake gangarawa ta faɗa ruwan nan mai kadoji, tana iyo tana saɓa wa garke, ta koma inda ta fito. Can a bakin gaɓa ga ɗan maraƙinta yana kai da kawowa. Ta shinshine shi, suka shigo tare, yana manne da gefenta na ƙasan ruwa. Da suka taka yashi na ji Yaya yana cewa "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, ashe shi ma ya riƙe numfashi. Duka abin bai wuce minti ashirin ba. Kogi ya koma shiru, ungulaye da borin-tunke suka sauka can ƙasa inda ruwa ke tara waɗanda ba su haye ba.

Sai da Mzee ya yi da gaske muka fita ƙofa kafin shida. Karkanda da damisa ba mu gan su ba. Baƙin karkandan da suka rage a gandun kaɗan ne, kuma cikin kurmi suke wuni. Yaron ya ce bashi ne, sai mun dawo.

Washegari muka kamo hanya bayan karin kumallo, awa shida har gida, cunkoson manyan motoci a hawan gangaren ya ci mana ɗaya. Muna cikin wannan jerin gwanon ne ya buɗe littafinsa yana bin sunayen da ya rubuta, layi biyu, nasa da nawa. Ya tarar da gurbi ɗaya ba a cike ba.

"Baffa, nyumbu fa? Ba ka ba ni ba."

Na ce masa ita ba ta kiwo a yammacin Afirka, kakanninmu ba su gan ta ba balle su raɗa mata suna. Ya yi shiru yana tauna bayan biro, sannan ya sunkuya ya rubuta wani abu ya rufe.

Mun isa bayan la'asar, ƙura har cikin kunne. Tun daga bakin ƙofa ya fara ba uwarsa labari, kuma da Hausa, abin da ba ya yi sai an matsa masa. "Umma, mun ga giwa, mun ga ɓauna, mun ga dorina, mun ga kura tana ba 'ya'yanta nono. Kuma mun ga sa mai gemu, sun fi dubu, kada ya kama ɗaya." Ta dube ni tana tambayar mene ne kuma sa mai gemu. Na ce ta tambayi mai sunan, ga shi nan a gabanta.